Wace wuƙar aljihu ce ta fi, kuma da wacce mai tarawa zai fara?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya amma ban samu zama ba sai yau. Ka ce sha'awar tara wuƙaƙen aljihu masu naɗewa ta kama ka, kana da Victorinox guda ɗaya da kawunka ya kawo maka tsaraba, kuma ka ga wani yana tallan Benchmade da Spyderco a waya a kuɗin da bai kai na takalmi ba, kana so ka san wane kamfani ne ya fi kowa don kar ka zubar da kuɗinka a banza.

Toh bari in fara da maganar mai tallan nan don ita ta fi gaggawa, kar ka tura masa ko sisi. Benchmade ɗin da ake kira Bugout a can Amurka inda ake ƙera ta ma ta haura dala 150, kafin a zo maganar kuɗin jirgi da na kwastan, to ta yaya za ta iso Najeriya ta koma kuɗin takalmi? Jabu ce kawai. Zan dawo kan wannan in an jima.

Ni dai na fi shekara ashirin ina wannan harka a nan Jos, kuma abin ya samo asali ne daga wuƙar mahaifina Allah ya jiƙansa. Okapi ce, mai ƙotar katako jaja-jaja da hoton wata da taurari na farin ƙarfe a jikin ƙotar, da zobe a bayanta. In ya buɗe ta sai ka ji tana ƙarrr kamar ana jan zip mai manyan haƙora, in zai rufe kuma sai ya sa yatsa a zoben ya ɗaga sannan ta kwanta. Da ita yake fere mana rake, da ita yake yanka igiya in ana ɗaure kaya, da ita yake tsaga goro in baƙi sun zo, har ruwan wuƙar ya sirance saboda wasawa ya koma kamar ganyen dalbejiya. Sai da na girma na duba gindin ruwan na ga an buga Jamus a wurin, na bi diddigi na gano cewa tun 1902 ake ƙera Okapi a garin Solingen don a kawo wa kasuwannin Afirka, kuma a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu. Kaga ke nan duk Okapi da ka gani da tambarin Jamus tsohuwa ce, in ka ci karo da ita wajen masu kayan gwanjo ko a akwatin wani dattijo ka lallaɓa ka saya, don ba a ƙara yin ta. Ƙarfenta ba wani na a zo a gani ba ne, mai laushi ne, tana saurin dakushewa, amma ko a bakin dakali ka goga ta sau biyar ta dawo. An yi ta ne don talaka mai aiki wanda ba shi da dutsen wasa wuƙa na musamman, kuma ta cika wannan aikin.

Abin da nake so ka riƙe ke nan kafin mu shiga sunaye. Tambayar wa ya fi kowa ba ta da amsa sai ka fara tambayar wa aka ƙera wa wuƙar. Wani kamfanin manomi ya sa a gaba, wani soja, wani mafarauci, wani kuma ɗan birni mai yanka kwali da son abu mai kyau a aljihu. Ni in na ɗauki wuƙa abu uku nake dubawa kafin in kalli sunan da ke jikinta, kaurin ruwanta daga baya zuwa baki, yadda take kullewa, sai kuma yadda za ta rayu a yanayin garinmu, don wuƙar da ta yi fice a Turai ba lallai ta jure ruwan Agustan Jos da ƙurar hunturu ba.

Opinel ita nake fara ba kowa shawara. Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a yankin Savoie na ƙasar Faransa, wuƙar manoma da makiyaya ce, guntun katako da ƙarfe da ƙusa ɗaya shikenan, babu sifirin babu komai. Lamba-lamba ake yin ta, wadda ta fi yawo ita ce lamba 8, ruwanta santimita 8.5. A 1955 Marcel Opinel ya ƙara mata wani zobe a wuya da suke kira Virobloc, kana buɗewa sai ka murɗa zoben ya tare ruwan ba zai rufe maka a yatsa ba. Kuɗinta bai kai dala 20 ba a can, amma wallahi a yanka zalla, ina nufin albasa, tumatur, nama, fere mangwaro, tana kunyata wuƙaƙen da suka ninka ta kuɗi sau goma, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, ruwanta siriri ne. Akwai wani mai tsire da nake zama wajensa da daddare, rannan na miƙa masa Opinel mai ƙarfen kabon tare da wata ƙatuwar wuƙa mai tsada mai kaurin baya na ce ya yanka albasa da kowacce. Mai tsadar tana shiga rabi sai albasar ta tsage da kanta kamar an sa gatari, Opinel kuwa ta wuce sumul har yana ɗaga yankan yana hango fitila ta cikinsa. Bai ce komai ba, sai da ya gama ya goge ta a tsumma ya juya ta ya ce Alhaji wannan nawa za ka bar min. Mutumin da ke yanka tun safe har dare hannunsa ba ya ƙarya.

Amma ka san halinta kafin ka saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Katako ne, da damina yakan sha danshi ya kumbura ya riƙe ruwan wuƙar har ka kasa zaro shi da farce, su mutanen Savoie dabararsu ita ce su ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a kan tebur sai ruwan ya leƙo. Da hunturu kuma katakon ya bushe ta saki. Iri biyu ce, mai ƙarfen kabon da aka rubuta Carbone, da wadda ba ta tsatsa mai rubutun Inox wadda ake yi da ƙarfen Sandvik 12C27 na Suwidin. Ta kabon ta fi daɗin wasawa, amma kana yanka lemo da ita za ta yi baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi. Wannan ba tsatsa ba ne, kar ka kankare, shi ma wani kariya ne ga ƙarfen. Jan da ke cin ƙarfe yana barin rami shi ne abokin gaba.

Victorinox ɗinka kuwa ka riƙe ta da kyau. Karl Elsener ya kafa wurin a 1884 a Ibach ta ƙasar Suwizalan, a 1891 suka fara ba sojojin ƙasar wuƙa, a 1897 ya yi rajistar samfurin hafsoshi wanda shi ne kakan jajayen nan da kowa ya sani. Sunan ma haɗi ne, Victoria sunan mahaifiyarsa, da inox wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai Wenger da suka daɗe suna gogayya, a 2005 Victorinox ta saye ta, daga baya aka daina buga sunan Wenger a kan wuƙaƙe, don haka tsohuwar Wenger ma abin ajiyewa ce ga mai tarawa. Ƙarfensu yana wajen 56 a ma'aunin taurin Rockwell, wato ba mai tauri sosai ba, kuma da gangan suka yi haka don ya ƙi tsatsa ya kuma wasu cikin sauƙi. Abin da ya sa nake girmama su shi ne daidaito. Ka ɗauki samfurinsu Spartan mai tsawon milimita 91 ta bana ka ɗauki ta shekara talatin baya, ka buɗe ka rufe, ƙarar tas ɗin nan iri ɗaya ce. Babu kamfanin da na sani mai fitar da kaya da yawa haka kuma hannunsa bai rawa. In kana so ka tabbatar taka ta gaske ce, duba gindin babban ruwan, rubutun Victorinox zai fito tsaf ba a dagule ba, a baya kuma yawanci za ka ga Officier Suisse, sannan ka gwada almakashin in tana da shi, na gaske yana yanka zare ɗaya tun daga tsininsa, na jabu tauna zaren yake yi. Sai dai ka tuna yawancinsu ba su da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe ruwan, ba a soka su a abu mai tauri.

Akwai wata da nake so ƙwarai wadda mutanenmu ba su cika sani ba alhali ta fi kusa da mu, Douk-Douk. Gidan Cognet a garin Thiers na Faransa suka fito da ita a 1929, falle ɗaya na ƙarfe aka naɗe ya zama ƙota, sirit take kamar ludayin shayi, ka sa a aljihun kaftani ba wanda zai san tana nan. Tsibiran tekun Fasifik aka nufa da ita da farko, shi ya sa aka zana wani dodon can a jikinta, amma ba ta karɓu a can ba sai a Arewacin Afirka. Da suka lura Musulmi ba sa son hoton mai rai a kayansu sai suka yi wata mai suna El Baraka, suka sa tambarin Agadas na Buzaye a maimakon dodon. Ka ga wuƙar Bature da alamar Agadas a jiki, ai dole mai tarawa Bahaushe ya neme ta. Sifirinta yana da ƙarfi sosai, ka kiyaye yatsunka wajen rufewa. 'Yan uwanta a wannan tsari na sauƙi su ne Mercator ta Jamus mai hoton kyanwa da lambar K55K, da Higonokami ta garin Miki a Japan wadda ba ta da sifirin ko makulli, wani ɗan wutsiya ne a bayan ruwan kake dannewa da babban yatsa.

Yanzu mu haye Amurka. Buck 110 ta fito a 1964 kuma ita ta sa duniya ta yarda cewa wuƙa mai naɗewa za ta iya aikin wuƙar kube. Makullinta a baya yake, wani dogon ƙarfe ne ke faɗawa cikin tsaga a gindin ruwan, ba ta rufuwa sai ka danna ƙarshen ƙotar. Ruwanta santimita 9.5, kai da gindin ƙotar tagulla, nauyinta ya ɗan haura giram 200, wato ba ta aljihun riga ba ce, a ɗamara ake rataye ta cikin jakarta ta fata. Ƙarfen da suke sawa yanzu 420HC ne, wanda a takarda ƙarfe ne mai araha, amma ga darasin da Buck ke koyarwa, gashin ƙarfe ya fi sunan ƙarfe. Wani gwani mai suna Paul Bos ne ya tsara musu yadda ake gasa shi a sanyaya shi, shi ya sa nasu 420HC ɗin yake riƙe kaifi fiye da na wasu. Maƙeranmu ma sun san wannan, ƙarfen sifirin mota ɗaya za ka ba mutum biyu, na wannan ya fito yana aske gashi na wancan ya lanƙwashe a kan ƙashi, bambancin yana wajen wuta da tsomawa. Ni da 110 nake fiɗar ragon layya duk shekara, cikinta mai lanƙwasa yana bin fata da kyau kuma nauyin yana zaunar da hannu. Abin lura kawai, kitse da jini suna shiga tsagar makullin, in ka bar su suka daskare makullin ba zai zauna daidai ba, don haka ana gamawa sai ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a shanya, a ɗiga mai. Ga mai tarawa kuma, tun 1986 Buck ke buga wata 'yar alama kusa da lambar wuƙar da ke nuna shekarar da aka yi ta.

Maganar shekara ta kawo ni kan Case na garin Bradford a jihar Pennsylvania, waɗanda suka faro tun 1889, yanzu suna hannun kamfanin Zippo mai yin layitar kunna wuta. Su ne sarakan wuƙaƙen gargajiya masu ƙotar ƙashi da aka rina, Trapper mai ruwa biyu, Stockman mai ruwa uku, ƙaramar Peanut. A 1970 suka sa ɗigo goma a ƙarƙashin tambarinsu, kowace shekara su cire ɗaya, to in ka ga ta wancan zamanin mai ɗigo bakwai ka san 1973 ce. Irin wannan ne ke sa tarawa daɗi, kana zaune da gilashin ƙara girma kana ƙirga ɗigo kamar mai duba hatimin tsohuwar takarda. Case don ado da tarihi ake tara ta, kuma shawarata in da hali kar ka saye ta sai ka riƙe a hannu ko an turo maka hoton ita kanta wadda za a ba ka, saboda aikin hannu yana da yawa a cikinta, wata ta fi wata zama daidai.

Sai na zamani, waɗanda ka tambaya a kansu. Spyderco ta Sal Glesser ce, a garin Golden na jihar Colorado, kuma kafin ya ƙera wuƙa ko ɗaya kayan wasa wuƙa yake sayarwa, wannan ya nuna a duk abin da suke yi. A 1981 ya fito da wadda ya kira Worker, da rami zagayayye a ruwan don ka buɗe da babban yatsa da hannu ɗaya, da maƙali na ƙarfe da ake soke ta a bakin aljihu. Yau kusan kowace wuƙar zamani tana da maƙalin nan. Gaskiya da yawa cikinsu ba su da kyan gani, ramin yana sa su yi ƙusumbi, amma ka riƙe Delica ka yi aikin minti goma za ka gane mutumin da ya zana ta hannu ya sa a gaba ba ido ba. Delica da Endura tun 1990 suke, a Seki ta Japan ake yin su da ƙarfen VG-10. Paramilitary 2 kuma a Amurka, makullinta a saman ƙota yake ta yadda yatsanka ba ya shiga hanyar ruwan in za ka rufe, ni a wajena yana cikin makullai mafi hankali da aka taɓa yi.

Benchmade ta jihar Oregon abin alfaharinta makullin Axis ne, wani ɗan sanda da ke ratsa ƙotar, ka ja shi baya da yatsa biyu ruwan ya sauka da kansa, bahago da mai dama duk ɗaya ne a wajensa. Samfurinsu 940 da Warren Osborne ya zana siririya ce mai kyau, Bugout kuma da ta fito a 2017 giram hamsin da 'yan kai ce kawai, ka manta tana aljihunka. In ka ce in zaɓa tsakanin su biyun a matsayina na mazaunin Jos, Spyderco zan ɗauka, kuma ba don Benchmade ba ta da kyau ba. Makullin Axis yana dogara ne da wasu 'yan siraran sifirin guda biyu, abu ne na waya, yana iya karyewa bayan dogon aiki, Ba'amurke zai aika wa kamfani a gyara masa cikin sati biyu, kai kuma daga Farin Gada ina za ka aika? Makullin baya irin na Delica ko Buck ba shi da wannan damuwar. Mai tarawa a ƙasarmu dole ya riƙa tambayar kansa in abin nan ya lalace wa zai gyara.

A can ƙololuwa akwai Sebenza ta Chris Reeve, mutumin Afirka ta Kudu ne da ya koma Idaho, sunan ma kalmar Zulu ce mai nufin aiki. Ƙotar ƙarfen taitaniyom falle biyu, ɓangaren ƙotar da kansa ne yake lanƙwasowa ya tokare ruwan. Ta haura dala 400. Ba ta fi Opinel yanka albasa ba, abin da kake biya shi ne daidaiton ƙira, ka warware ta gaba ɗaya ka wanke ka mayar ka ɗaure sukurorin tam, ruwan ya koma tsakiya cif ba tare da ka yi ta lallashi ba. Na taɓa riƙe ta wajen wani abokina a Abuja na juya ta na kusan rabin awa. Abu ce mai kyau ƙwarai, amma ba ta mai farawa ba ce, wanda bai iya wasa wuƙa ba in ya saye ta zai ji tsoron amfani da ita ne kawai ta ƙare a durowa.

Kar kuma ka ji an ce Chana ka ɗauka duka jabu ne, wannan kuskure ne babba. Akwai kamfanonin Chana masu sa sunansu a kayansu suna tsayawa a kai, kamar Civivi, wadda Elementum ɗinta mai ƙarfen D2 ta yi suna saboda kyan aiki a kuɗi mai sauƙi. Spyderco da kanta a Chana take yin Tenacious da ƙarfen 8Cr13MoV kuma ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jiki. Matsalar ita ce wanda ya saci sunan wani ya buga a kan tarkace. Shekarun baya na sayi wata mai babban suna wajen wani da ya rantse min daga waje aka kawo ta, kwali da takardu komai ya cika. Ina yanka tiyon ruwa a bayan gida, na ɗan murɗa hannu, makullin ya zame ruwan ya rufo a kan ɗan alina. Ɗinki huɗu aka yi min, tabon yana nan har yau. Da na warware ta daga baya na ga harshen makullin ko rabin inda ya kamata bai kama ba, ƙarfen kuma magagari yana cin sa kamar ƙusa. Tun daga ranar kowace wuƙa mai makulli sai na buɗe ta na girgiza ruwan gaba da baya da gefe da gefe, in na ji motsi ko kaɗan na ajiye, sannan in rufe in duba ko ruwan ya kwanta a tsakiyar ƙota ko yana gogar gefe. Haka sunan Laguiole na Faransa mai hoton ƙudan zuma, sunan gari ne da salon ƙira ba kamfani ɗaya ba, shi ya sa na bogi suka cika duniya, sai ka nemi sunan maƙerin a jikin ruwan.

Game da ƙarfe kar lambobi su ruɗe ka. S30V, S45VN, MagnaCut da Larrin Thomas ya haɗa ya fito a 2021, duk suna riƙe kaifi na dogon lokaci, amma ranar da suka dakushe dutsen gida ba ya cin su da sauƙi, sai farantin wasawa mai garin daimon. D2 tana da kuromiyom, wato sinadarin da ke hana tsatsa, wajen kashi 12 cikin ɗari amma ba ta tsira daga tsatsa gaba ɗaya ba, da damina sai ka riƙa shafa mata mai. Kuma don Allah, don Allah, kar ka kai wuƙarka mai daraja wajen mai walda ko mai injin gurza ya wasa maka. Dutsen injin yana zafafa bakin, da ka ga ya yi shuɗi to taurin wurin ya tafi, ba ya dawowa. Ka sayi dutse mai fuska biyu, ka kwantar da ruwan kamar digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, ka yi ta gogawa har ka ji ɗan ƙaiƙayi ya taso a ɗaya gefen, ka juya, sannan ka ƙarasa a kan fata yadda wanzami ke yi wa askarsa. In babu dutse, gindin kofin tangaran inda ba a shafe ba yana tayar da Opinel ko Victorinox.

Ajiya a Jos sai da lura. Daga Yuli zuwa Satumba danshi yana shiga ko'ina, kar ka bar wuƙa cikin jakar fata, fata tana riƙe ruwa, tagullar Buck za ta yi kore, kabon kuma ya yi ja. Ni a akwatin roba mai murfi nake sa su da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya a mahaɗa ya isa, ruwan da zai taɓa abinci kuma farin man farafin na kemis, ban da man gyaɗa don yana yin danƙo ya yi wari. Da hunturu matsalar ta juya, ƙura. Wuƙaƙen zamani masu 'yan ƙwallaye a mahaɗa irin Elementum suna buɗewa kamar walƙiya, amma ƙura tana shiga sai ka ji ƙasa-ƙasa, masu 'yan siraran faifan tagulla a mahaɗa irin Paramilitary 2 sun fi haƙuri da ita. Ƙotar ƙashi da ta katako kuma ka nisanta su da rana da hita kar su tsage.

Abu ɗaya da ba zan bari ba, ka san garin da muke ciki da abin da ya gani. Tarinka a gida yake zama. In za ka fita da wata, ƙaramar Victorinox ta isa, ita ba ta tayar wa kowa hankali a shingen jami'an tsaro, manya masu makulli kuwa sai gona ko ranar yanka, ban da taro, ban da kasuwa, ban da fito da ita a gaban yara ana wasa. Masu maɓalli da ke fallowa da kansu ni ko tara su ba na yi. In za ka hau jirgi kuma kowace iri ce ta shiga babbar jaka, in ka bar ta a jakar hannu a wurin bincike za ta kwana.

Kuɗin da ka ware wa mai tallan nan, ka nemi wani amintacce mai dawowa daga waje ya riƙo maka Opinel lamba 8 ta kabon da Douk-Douk El Baraka, canjin ka sayi dutse. Ka yi wata shida kana wasa su har sai sun aske gashin hannunka, sannan mu yi maganar Buck 110 ko Delica. Ita kuma ta kawun naka ka ɗauko min hoton gindin babban ruwan gaba da baya a wuri mai haske, daga rubutun zan iya gaya maka zamanin da aka yi ta.